Yafe wa mai laifi bai hana hukunci ba, amma ya hana mu roƙa masa wuta

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka. Ina roƙon fili a wannan jarida in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mu Kiristoci muke yi da maganar yafiya a wannan zamani na kashe-kashe. Ni tsohuwar nas ce, a Sakkwato na yi aiki har na yi ritaya, a nan kuma nake zaune cikin maƙwabta Musulmi. Su ne suka fi yi mini tambayar: an ce addininku ya hana ramuwa, to me ya sa in ana addu'ar dare a wasu majami'unku muke jin lasifika ana kiran wuta ta sauko ta cinye maƙiya? Tambayar tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa a fili.

Amsata ita ce wannan addu'a ba koyarwar Yesu Almasihu ba ce. A Matiyu 5:44 cewa ya yi mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a. A Luka sura 9 kuwa maganar wutar ce kanta ta taso. Mutanen wani ƙauyen Samariyawa suka ƙi karɓarsa, sai Yakubu da Yahaya suka nemi izini su kira wuta daga sama ta hallaka su. Juyowa ya yi ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, haka ma Istifanas ya yi ana jifansa da duwatsu. Wanda ya karanta waɗannan wurare, sa'an nan ya kwana yana buga ƙafa yana ihu wai maƙiyinsa ya faɗi ya mutu kafin gari ya waye, to ya tambayi kansa wa yake bi. Abin da ya fi ɓata mini rai, in ka bi diddigi, maƙiyin da ake nufi sau da yawa ba ɗan bindiga ba ne. Uwar miji ce, ko abokiyar aiki da aka ƙara wa girma, ko wata tsohuwa a ƙauye da wani mai wa'azi ya ce ita ta ɗaure arzikin gidan. Yara kuma suna zaune a gaba suna cewa amin.

Masu wannan addu'a sukan kafa hujja da Zabura, kuma ba ƙarya suka yi ba. Zabura 109 tana nan, akwai roƙo a cikinta cewa kwanakin mugu su gajarta, 'ya'yansa su zama marayu. Ƙarshen Zabura 137 ya fi wannan nauyi a baki. Ba na cikin masu tsallake waɗannan wurare kamar babu su. Kuka ne na mutanen da aka zalunta, suka kai ƙara wurin Allah da zafin da ke cikinsu, ba su ɓoye ba. Amma Dawuda da ake danganta wa Zabura 109, shi ne ya sami Sarki Saul a cikin kogo, Saul da ke farautar ransa, ya yanke gefen rigarsa kawai ya bar shi ya tafi. Ya kai ƙara, ya janye hannunsa. Manzo Bulus ma abin da ya rubuta wa Romawa ke nan a 12:19, kada mu yi wa kanmu ramuwa, gama ramuwa ta Ubangiji ce. Saboda haka in uwar da aka kashe wa ɗa ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa, ni ban ga laifinta ba. Ta miƙa shari'ar ga mai ita. Inda aka kauce shi ne a tsaya ana tsara wa Allah irin mutuwar da zai yi wa mutum da ranar da zai yi ta.

Akwai kuma wani kuskuren da ba a cika magana a kansa ba, domin yana kama da ibada. Wata 'yar'uwa a zumuntarmu ta mata, mijinta direba ne mai ɗaukar kaya zuwa kasuwannin gabashin jihar nan. 'Yan bindiga suka tare shi a hanya, suka tafi da shi, suka nemi kuɗin fansa. Ta sayar da kekenta na ɗinki da ɗan filin da suka saya, 'yan'uwa da maƙwabta, Musulmi da Kirista, suka yi karo-karo, aka haɗa da sabon babur da katin waya kamar yadda suka nema. Suka karɓa, mutum bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba. Ranar zaman makoki tana zaune a tabarma, ta kasa haɗiye ko kunu, sai wani baƙon mai wa'azi ya miƙa mata makirufo ya ce ta tashi ta faɗa a gaban jama'a cewa ta yafe. Ta tashi ta faɗa, muryarta na rawa, aka yi tafi. Da dare ina gyara mata shimfiɗa ta kama hannuna ta ce, "Mama, na yi ƙarya a gaban Allah. Ban yafe ba. Yanzu ni ma na zama mai zunubi ke nan?" Suka kashe mata miji, mu kuma muka ɗora mata laifi a kai.

A asibiti ba mu ɗinke miki da ruɓa a ciki. Sai an wanke, an bar shi ya zubar, in ba haka ba sama ta rufe ƙasa tana ci. Na ce mata abin da ake nema gare ta yau shi ne kada ta ɗauki fansa, kada ta koya wa 'ya'yanta ƙin wata ƙabila saboda abin da wasu suka yi, sauran kuma ta roƙi Allah ya ba ta a lokacinsa. Da Bitrus ya tambaya ko yafe wa ɗan'uwa sau bakwai ya isa, Yesu ya ce bakwai sau saba'in. Ni a ganina wannan har da laifi guda da yake dawo wa mutum kowace safiya, ya sake saki, gobe ya sake. An daɗe kafin ranar da na ji ta, a taron addu'armu, ta roƙi Allah ya shiryi yaran da ke daji. Ba wanda ya sa ta.

Sai maganar hukuma. Mutane da yawa, har cikinmu, suna ɗauka cewa in Kirista ya yafe, shari'a ta mutu. Babu inda aka ce haka. Sura 13 ta wannan wasiƙa ta Romawa, wadda ke bin maganar barin ramuwa, ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, aikinsa ne hukunta mai mugunta. A ranar 13 ga Mayu 1981 Mehmet Ali Agca ya harbi Paparoma John Paul na Biyu a Roma. Paparoma ya yafe masa, har ya ziyarce shi a kurkuku a Disambar 1983, amma mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000. Ni nakan yafe abin da yake hakkina. Hakkin marayu da na al'umma ba nawa ba ne balle in yafe.

Shi ya sa jinin mutane yake damuna in na ga an bar shi a ƙasa. Michael Nnadi, ɗalibin Darikar Katolika ta Sakkwato mai shekara 18, an sace shi a makarantar horar da limamai a Kaduna a Janairun 2020 aka kashe shi. Deborah Samuel, ɗalibar kwaleji Kirista, an kashe ta a garin nan ranar 12 ga Mayu 2022. Mai alfarma Sarkin Musulmi ya yi Allah wadai da kisan, Bishop Matthew Kukah ya roƙi Kiristoci su kwantar da hankali, kuma muka kwantar. Har yau muna jiran jin wanda aka hukunta. Wannan azaba kuma ba ta tambayar addini: fiye da mutum 40 aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar 2021, a Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa. In hukuma ta yi shiru a kan irin waɗannan, ita ce take tura talaka ga tsinuwa da ɗaukar doka a hannu.

Haka nan in an zo maganar sulhu da tubabbun 'yan bindiga, ina so a tuna da Zakka mai karɓar haraji na cikin Linjila. Da ya tuba, cewa ya yi zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Mai tuba ya fito da mutanen da ke hannunsa, ya mayar da shanu, ya nuna wa iyalai inda aka binne nasu.

Roƙona ga fastocinmu da shugabannin zumunta, a daina addu'ar mutuwa a kan bagade, a kuma daina miƙa wa mai makoki makirufo. A je da hatsi da kuɗin makarantar yara, a zauna da ita. Gwamnatin jiha kuma ta fito ta gaya wa jama'a inda shari'ar kisan Deborah ta kwana, da ta waɗanda aka kama kan hare-haren Isa da Sabon Birni da Goronyo.

Na gode da ba ni wannan fili.

Taku,
Wata tsohuwar nas,
Mabera, Sakkwato