A kula da iyalan 'yan ci-ranin haƙar kuza a Riruwai

Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana kan iyalan baƙin da ke zuwa haƙar kuza a Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa ta jihar Kano. Tun zamanin Turawa ake zuwa wannan dutse neman abinci, har gobe kuma ana zuwa daga Filato, Zamfara da Nijar.

Baƙo yakan sauka da mata da yara, ya kama ɗaki guda, ba gona ba rumbu. Ubangida, wato mai kuɗin da ke ɗaukar nauyin haƙar, shi ne zai ba shi diga, shebur, igiya, tocila da kuɗin cefane, duk a kan bashi, da sharaɗin shi kaɗai zai sayar wa abin da ya samu. Ranar awo a ɗora a sikeli, a cire na laima, a cire na yashi, a cire bashi. Abin da ya rage sau da yawa bai kai kwanon masara biyu ba.

Ramin kan yi gaba goma ko fiye, sannan a karya kwana a bi jijiyar kuza. Yawan ruftawa na faruwa ne idan kwaɗayi ya sa aka sassare ginshiƙin ƙasar da aka bari yana riƙe da rufin, musamman da damina. Wasu kuma su zura injin jan ruwa cikin rami, hayaƙinsa ya kwantar da mutum ba ko ihu. Alhali inji a sama ya kamata ya zauna, tiyo ne kawai zai sauka.

Amma abin da ya fi damun mu yana cikin gida. Maigida ya kawo buhun dutse, uwargida ta daka a turmi da goyo a bayanta, ta tankaɗe, ta wanke a kwano har baƙar kuzar ta kwanta a ƙasa. Ƙurar ta bi tabarma da kwanon tuwo, mai rarrafe ya shafa ya kai baki. Dutsen Riruwai kuwa akwai dalma a jikin wani sashensa. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, sanadin niƙan dutsen zinare a tsakar gida. Alamarta takan fara da ciwon ciki, kasala da rashin cin abinci, ta kai ga jijjiga, iyaye kuma su ce iska ce, a tafi wajen mai magani.

Muna kira ga hakimi da dagatai su ware wajen daka da wanki a bayan gari, nesa da rijiya, a riƙa yayyafa wa dutse ruwa kafin a daka. Mahaƙi ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida, turmin dutse kuma kada ya koma dakan hatsi. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta kawo gwajin jini ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Masu unguwanni su rubuta sunan kowane baƙo da garinsu, domin idan rami ya rufta, matar kan rasa ko wanda zai kai ta tasha.

Naka,
Wasu masu sana'ar haƙar ma'adinai,
Riruwai, Doguwa.