Amsa ga malamin da ya tambayi inda jijiya ke ƙera furotin ɗinta

Assalamu alaikum Malam,

A bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan amsa. Ka ce littafin da kake koyarwa da shi ya nuna a tsakiyar ƙwayar halitta ake ƙera furotin, kusa da cibiyarta. To, ƙwayar jijiyar da zarenta ya taso daga laka ya gangara har babban yatsan ƙafa, kusan mita guda, yaya can ƙarshen yake samun nasa?

Littafin bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa ba. Ana turo furotin daga tsakiya. Wasu kayan na gudun milimita 200 zuwa 400 a yini, amma akwai waɗanda ba sa wuce milimita ɗaya. Ka lissafa, ga masu wannan jinkirin mita guda ta ci kusan shekara uku ke nan, alhali furotin da yawa kwanaki ko makonni suke yi su lalace.

Shi ya sa ƙwayar ba ta dogara da aike kaɗai. Maimakon ɗinkakkiyar riga, sai ta aika da awo, telan unguwa ya ɗinka. Awon shi ne mRNA, wato kwafin umarnin yadda za a ƙera furotin, telan kuma ribosom, ɗan injin da ke ƙera shi. A 1982 Oswald Steward da William Levy suka hango tarin ribosom a gindin 'yan ƙayoyin da ke jikin rassan jijiya a ƙwaƙwalwar ɓera, daidai inda saƙo ke shigowa. Masana da dama sun daɗe suna ɗari-ɗari da abin. A 1996 Hyejin Kang da Erin Schuman suka datse rassan daga jikin ƙwayoyin, amma mahaɗar jijiyoyin, inda wata ke miƙa wa wata saƙo, ta ci gaba da ƙarfafa, abin da ke buƙatar sabon furotin. Da suka sa maganin da ke hana ƙera furotin, ƙarfafar ta tsaya. A 2001 Douglas Campbell da Christine Holt a Cambridge suka nuna cewa kan zaren jijiyar idon kwaɗo, ko an raba shi da jikinsa, yana ƙera furotin cikin mintuna idan sinadarin da ke nuna masa hanya ya iske shi. A 2012 ɗakin binciken Schuman a Jamus ya ƙirga nau'in mRNA 2,550 a yankin rassan.

A ganina, Malam, ba nisa ne babban dalili ba. Ƙwaya ɗaya tana da dubban mahaɗai, kuma idan ɗalibinka ya koyi sabon abu, 'yan kaɗan ne ke buƙatar canji, ba duka ba. Ƙira a wurin ita ke ba da damar gyara wannan mahaɗa a ƙyale maƙwabciyarta. Idan linzamin ya kuɓuce kuwa akwai illa: a cutar Fragile X, an rasa furotin FMRP mai taka wa wannan ƙira birki, yaro ya tashi da wahalar koyo.

Ran da za ka zana jijiya a allo, ka ɗiga 'yan ribosom a rassan ma, kada ka tara su duka gefen cibiya.

Wassalam.