Zuwa ga mutumina, kan rigimar silash ɗin nan

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya iyali, ya sanyin can? Mu nan lafiya lau sai zafi.

Na ga saƙonka, wai kana cikin Ubuntu na WSL, wato Linux mai gudana a cikin Windows, ka sa Git, manhajar ajiye tarihin canje-canjen fayiloli, ya riƙa buɗe maka editan rubutu na Notepad++ in za ka rubuta bayanin commit, wato bayanin canjin da za ka ajiye, shi kuma sai ya buɗo fayil fanko ko ya ce bai ga komai ba. Ai ba laifinsa ba ne. Git yana miƙa masa adireshi irin na Linux, /home/kaza/.git/COMMIT_EDITMSG, shi kuwa ɗan Windows ne, C: da silash mai kwanciya baya ya sani. Abin ya samo asali tun 1983 lokacin da MS-DOS 2.0 ya zo da folda cikin folda, lokacin an riga an ba silash na gaba aikin zaɓin umarni kamar DIR /W, sai masu DOS suka ɗauki na baya don raba sunayen folda, ga mu har yau muna shan wahalarsa.

Sikirif ɗin da za ka saka a tsakani tafinta ne kawai, ya karɓi adireshi ya juya shi ya miƙa. Amma don Allah ka goge wannan sed ɗin da ka turo min, umarnin sauya rubutun nan, wanda ke mayar da /mnt/c, inda WSL ke ganin diskin C:, zuwa C: da hannu. Yau zai yi aiki, gobe ka saka filasha ta zo a E: ko wani ya taɓa /etc/wsl.conf ya canza inda ake ɗora diski shi kenan ya rushe, kuma fayil ɗin da ke cikin /home ma ba ya ƙarƙashin C: sam, ta \\wsl$\Ubuntu Windows ke ganinsa, sababbin Windows kuma ta \\wsl.localhost. Akwai umarnin wslpath a cikin WSL, juya adireshi ne aikinsa. wslpath -w ya ba ka na Windows, -u ya dawo da shi na Linux, -m kuma ya ba ka C:/ da silash na gaba, wanda ni na fi so don bash, mai gudanar da sikirif ɗin, yana cinye silash na baya in ba ka rufe shi da kyau ba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su juya duk abin da aka miƙo. Kar ka yi haka fa. Notepad++ yana buƙatar -multiInst da -nosession don Git ya jira shi har ka rufe, waɗannan ba fayil ba ne, ka bar su yadda suke, wanda ka tabbatar adireshi ne kaɗai za ka juya. Sannan "$@", wato duk abin da aka miƙo wa sikirif ɗin, da alamar zance biyun nan, wallahi kar ka manta, don Program Files akwai fili a tsakiyarsa, in babu su bash zai raba shi gida biyu.

Git Bash da ka ce yana kwamfutar ofis wani labari ne daban, shi na MSYS2 ne, wani tsarin daban mai kwaikwayon Linux a kan Windows, C: a wurinsa /c ne, kuma yana da shisshigi, da kansa yake juya duk abin da ya fara da silash, ka rubuta cmd /c ya ɗauka diski kake nufi. Sai ka rubuta //c ko ka sa MSYS_NO_PATHCONV=1 a gaba. Can cygpath ake amfani da shi ba wslpath ba.

In ka ga "bad interpreter" da ^M, Notepad++ ne ya ajiye sikirif ɗin da ƙarshen layi irin na Windows, mayar da shi LF, irin na Linux. Ka gwada da folda mai fili a sunanta ka turo min abin da ya fito. Ka gaida madam da yara.

Naka har kullum.