Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Kantin Maganin da Suka Tsaya Suka Yi Mana Tambayoyi

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa ne domin in bayyana godiyata a bainar jama'a ga ma'aikatan kantin da muke karɓar maganin zuciyar mahaifina a yanzu, musamman ƙwararriyar mai harhaɗa magunguna da ke kula da wurin. Ban ambaci sunanta ba saboda ban nemi izininta ba, amma na tabbata idan rubutun ya isa gare ta za ta san da ita nake.

Mahaifina yana fama da ciwon zuciya, irin wanda zuciya ke bugawa da sauri ba bisa tsari ba, kuma ya taɓa kwanciya a asibiti saboda ciwon ƙirji. Likitansa ya ɗora shi a kan bisoprolol, ɗaya daga cikin magungunan da ake kira bita-buloka, waɗanda ke rage saurin bugawar zuciya da ƙarfin da take yi wajen tura jini. Bayan ciwon zuciyar yana da ciwon suga, yana kuma da asma tun yana saurayi, ko da yake ba kasafai take tashi ba.

Da maganin ya kusa ƙarewa, ba mu same shi a inda muka saba saye ba, sai na shiga nema. Abin da na gani a wannan nema shi ne ya sa har yau raina bai gama hucewa ba. A wani wuri an miƙo mini propranolol aka ce ai duk danginsu ɗaya, in kai masa kawai, ba tare da an tambaye ni ko shekarunsa nawa ba, balle wane ciwo yake da shi. A wani wurin kuma shawara aka ba ni cewa tun da jininsa ya sauka, ya huta da shan maganin na 'yan kwanaki har a samo, wai jiki ma yana son hutu. Akwai inda ko takardar likitan ba a buɗe ba, ana magana da ni ana danna waya. Ban sayi komai ba, domin hankalina bai kwanta da kowace amsa ba, amma na dawo gida cikin damuwa, ga ƙwayoyin da suka rage 'yan kaɗan.

Da muka je wannan kanti tare da mahaifina, ma'aikatan suka ba shi kujera suka duba takarda, maganin kuma yana nan. Da a nan abin ya tsaya ma da na gode. Sai dai Malamar ba ta yarda a miƙa mana ba sai da ta fito ta zauna kusa da shi ta gaishe shi, ta ce, "Baba, kafin in ba ka ina so in yi maka 'yan tambayoyi." Ta tambaye shi ko yana da asma, ko yana da suga, waɗanne magunguna yake sha, har da ko yana ɗiga wani magani a ido. Ta kama hannunsa ta ƙirga bugun jijiyarsa da kanta.

Da na ba ta labarin propranolol ɗin da aka so a sayar mini, sai na ga fuskarta ta canza. Ta bayyana mana cewa sinadarin adiranalin, wanda jiki ke saki a lokacin tsoro ko aiki mai ƙarfi, yana da wuraren sauka iri-iri, biyu daga ciki su ne abin lura a nan, ɗaya ya fi yawa a zuciya, ɗayan kuma a hanyoyin iska na huhu. Propranolol yana toshe duka biyun, saboda haka a jikin mai asma yana iya matse hanyoyin numfashi har abin ya zama barazana ga rai, sannan maganin shaƙa na salbutamol da mai asma ke dogaro da shi ta wannan wuri ɗin yake aiki, don haka shi ma ƙarfinsa yana raguwa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Bisoprolol ya fi karkata ga zuciya, kuma abin da ya sa likita ya zaɓe shi ke nan, amma ta ce wannan bambanci ba cikakke ba ne, don haka duk ranar da Baba ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko numfashinsa yana shesheka, a sanar da likita ba tare da jinkiri ba.

A kan shawarar hutu kuwa, ta ce maganin kamar linzami yake ga doki mai ƙarfi, idan aka saki lokaci guda ba a san inda zai tsaya ba. Jikin da ya saba da maganin yana ƙara jin tasirin adiranalin, idan aka daina kwatsam zuciya tana iya ɗaukar gudu, jini ya hau, ciwon ƙirji ya dawo, ga mai irin ciwon Baba kuma har jijiyar zuciya tana iya toshewa. Idan za a daina, likita ne zai riƙa ragewa a hankali. Ta roƙe ni in riƙa zuwa karɓar sabo tun da sauran na mako guda a hannu.

Batun suga shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin ba wanda ya taɓa faɗa mana. Idan suga ya faɗi ƙasa, abin da ke fara ankarar da mutum shi ne faɗuwar gaba da rawar hannu, waɗannan alamu kuwa su ne maganin ke dannewa. Ta ce gumi yakan ci gaba da zuwa, saboda haka idan muka ga Baba yana zufa ba dalili, ko ya rikice a magana, mu gwada sugansa nan take kada mu jira. Ta koya wa mahaifina ƙirga bugun jijiya a wuyan hannu na tsawon minti ɗaya, ta ce na babban mutum a zaune yakan kasance tsakanin 60 zuwa 100, mai shan wannan magani kuma nasa yakan ɗan yi ƙasa, amma idan ya gaza 50, ko ya zo da jiri, ko suma, ko kumburin ƙafa, a nemi likita a ranar. Ta kuma rubuta mana a bayan kwalin cewa kada a haɗa shi da verapamil ko diltiazem, waɗansu magungunan zuciya da hawan jini, sai da sanin likita, cewa ibuprofen da diclofenac suna rage amfaninsa a kan hawan jini, cewa timolol da ake ɗigawa a ido shi ma bita-buloka ne yana shiga jini, kuma idan an manta ba a sha ba kada a sha biyu a rama.

Akwai abu na biyu da ya sa na ga wajibi ne in rubuta wannan wasiƙa. Ƙanwata tana fama da fargaba, har idan za ta yi magana a gaban mutane hannunta yakan yi rawa muryarta ta sarƙe, kuma likita ya rubuta mata propranolol kaɗan. Da ta je karɓa a wannan kanti, Malamar ta gane gida ɗaya suke da Baba, ta ja ta gefe inda babu mai jin su. Ba ta ce mata ai ba komai ba ne, ba ta kuma yi mata kallon mai raunin imani ba, wanda shi ne abin da masu irin wannan lalura suka fi gamuwa da shi. Ta faɗa mata gaskiya cewa maganin yana kwantar da alamun jiki ne, wato bugun zuciya da rawar hannu, amma ba ya taɓa tunanin da ke haifar da fargabar, don haka ta koma wurin likita a duba batun zama da masanin halayyar ɗan Adam. Ta gargaɗe ta cewa shan propranolol fiye da ƙima yana iya kisa, kada ta ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da aka rubuta don ta ji tsoron ya yi yawa, kada ta ba wata ƙawa, ta sanar da likita idan ta samu juna biyu, kuma ta ajiye nata nesa da na Baba da kuma inda hannun yara ba ya kaiwa. Ƙanwata ta dawo gida da natsuwar da na daɗe ban gani a tare da ita ba. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da abokan aikinta da alheri, ya ƙara musu lafiya da haƙuri.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk abin da ta faɗa mana ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarun 1960 James Black, ɗan ƙasar Scotland, ya samar da propranolol, har aka ba shi kyautar Nobel a 1988, kuma gargaɗi a kan asma da daina sha kwatsam yana rubuce a takardar da ke cikin kwali. Duk wanda ya tsaya a bayan kanta yana sayar da maganin zuciya ya kamata a ce ya san shi. Amma an wayi gari ana miƙa wa mutane irin waɗannan magunguna babu takardar likita, ana musanya wani da wani don kawai shi ne ake da shi, ana ba ɗalibai da masu neman aiki propranolol domin su daina rawar jiki ba tare da an tambaye su ko suna da asma ba. Mai ciwo bai san tambayar da zai yi ba, ya dogara ne kacokan ga wanda ke gabansa, kuma mafi yawan tsofaffi ba su da wanda zai raka su ya ce bai yarda ba. Ina kira ga hukumomin da ke ba da lasisin sayar da magani su riƙa bin waɗannan wurare suna duba wane ne ke bayan kanta da kuma irin horon da ya samu, su kuma hana sayar da magungunan zuciya ga wanda bai zo da takardar likita ba.

Wassalam.

Daga wani mai jinyar mahaifinsa.