Sanarwa: Zama kan neman tallafin bincike

Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa, barkanmu da war haka.

In Allah ya kai mu Asabar mai zuwa, za mu zauna a Samaru, Zariya, inda muka saba, ƙarfe 10 na safe, kan tallafin da ake ba matasan masu binciken kimiyya na Afirka a fannin muhalli da noma mai ɗorewa. Akwai na Cibiyar Kimiyya ta Afirka, AAS, da ke Nairobi, akwai kuma na ƙungiyar AWARD, mai tallafa wa masu binciken noma a Afirka, wanda ya fi karkata ga mata. Ba kuɗi kaɗai ake samu ba, ana haɗa mutum da gogaggen malami mai yi masa jagora, a koya masa riƙe tawagar bincike. Wannan ne ma ya fi mana amfani.

Kowa ya zo da takardar tarihin karatunsa da shafi 1 na abin da yake son bincika: zaizayar ƙasa ce, gurɓatar ruwan kogin Kubanni, ko irin dawa mai jure fari. Don Allah kada a kwafo daga intanet, masu tantancewa suna ganewa.

Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar kafin Alhamis. Ƴan garin Shika da unguwar Kongo, a fito da wuri.

Allah ya ba mu sa'a. Na gode.
Sakataren rukuni