Jakin da aka manta da sunansa a fim

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan Perry, ƙaramin jakin nan na birnin Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya mutu a Janairun 2025 yana da shekara 30, bayan fama da ciwon kofato.

Shi masu zanen fim ɗin Shrek na 2001 suka ƙura wa ido, suka kwaikwayi tafiyarsa wajen zana jakin da ke cikin fim ɗin. Fim ya tara maƙudan kuɗi, amma dala 75 kacal aka ba masu kiwonsa, ko sunansa ba a rubuta ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi! Mutanen unguwa ne suka yi ta jinyarsa, har majalisar birnin ta tallafa da dala 10,000 a 2024.

Naka,
Mai karatu daga Zariya