Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Masu Horar da Karnukan Aiki

Assalamu alaikum dattawanmu, iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa.

Ga bayanin abin da aka gudanar daga babban taron bara zuwa yau. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta da kansa ranar taro.

Mun fara da lafiya. Ranar 28 ga Satumba, wato ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, likitan dabbobi ya zo filin atisaye ya yi wa karnukan mambobi allurar rigakafi, ya ba da maganin tsutsar ciki da na kaska. Duk da haka wasu 'yan uwa sun yi asarar kwikwiyoyi da damina sanadin gudawa mai jini, kuma galibinsu waɗanda ba a yi wa allura ba ne. Saboda haka kwamiti ya tsayar cewa karen da ba shi da katin rigakafi ba zai ƙara shiga fili ba, ko na wane ne.

Atisaye ya ci gaba kowane mako bayan sallar asuba, lokacin da ƙasa ke da sanyi kuma ƙanshin sawu bai tashi ba. Da azumi mun rage shi.

Abin da ya fi ɗaukar lokacinmu bana shi ne saɓanin da ya taso kan yadda za a shirya karnuka don gasa. Dattawanmu mafarauta sun gaji hanyarsu: a haɗa kwikwiyo da tsohon kare ya bi shi daji, a rage masa abinci kafin fita, idan ya kauce a sa masa tsumagiya. Suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Matasa kuwa sun zo da abin da suka koya a YouTube: da zarar kare ya yi daidai sai ka ce "yawwa", nan take ka miƙa masa guntun dafaffiyar hanta ko ka jefa masa ƙwallo. An kai ga wasu sun daina atisaye rana ɗaya da wasu.

Ya kamata 'yan uwa su sani cewa Turawan da muka aro ƙa'idar gasa daga wurinsu su ma sun sha wannan gardama. A Jamus aka fara gwajin karnukan tsaro a 1901, shekara biyu bayan Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwon karen da muke kira Alseshan. Konrad Most, mai horar da karnukan 'yan sanda wanda ya rubuta tsarinsa a 1910, ya ba tilastawa babban matsayi a cikinsa. Horo da lada ya fito ne daga binciken B. F. Skinner a Amurka. Ɗalibansa Keller da Marian Breland suka mai da shi sana'a a shekarun 1940, sannan Karen Pryor ta yaɗa shi tsakanin masu karnuka a shekarun 1990. Yau doka ma ta shigo ciki: yankin Wales ya haramta abin wuya mai jan lantarki a 2010, Jamus ta hana mai ƙayoyin ƙarfe daga farkon 2022.

Gasar da tun 2019 ake kira IGP tana da sassa uku, bin sawu da biyayya da tsaro, kowanne maki 100, kuma sai kare ya sami 70 a kowane sashe ya haye. Mu sassa biyun farko muka ɗauka a gwajinmu na cikin gida da aka yi da hunturu, domin ba mu da kayan kariya ko ƙwararren da zai tsaya wa kare a sashen cizo, kuma wannan ba wurin ganganci ba ne.

A nan ne idona ya buɗe, kuma zan faɗi abin da na gani a matsayina na sakatare ko da zai sosa ran wasu. A sashen biyayya alƙali yana duba yanayin kare, ba umarnin da ya bi kaɗai ba. Karen da aka horar da duka yakan zauna idan an ce ya zauna, amma kunne a kwance, wutsiya a matse, yana kakkauce wa hannun ubangidansa. Wannan maki yake zubarwa. Na ga karya mai hanci irin wanda ba a samu ko'ina, ta ƙi ɗauko katakon da aka jefa mata don tana zaton ɗaga hannu duka ne. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don laifin ba nata ba ne.

Da aka koma bin sawu kuma sai labari ya juya. A matakin farko na gasar, bisa tsohuwar ƙa'idar 2019, sawun taku 300 ne, ana barinsa minti 20, kare yana gaba da igiya mai tsawon mita 10. Karnukan matasa da yawa sun riƙa ɗago kai suna duban aljihun mai su, suna jiran hanta. Na dattawa suka sa hanci ƙasa suka tafi. Su kansu dattawan, daga motsin wutsiya suke gane kare ya ɓata sawu tun kafin ya kai inda sawun ya karya kwana, sun san inda iska ke kaɗa ƙanshi, sun san lokacin da zafi ya fara cin kare. Babu bidiyon da ke koyar da wannan. Wani dattijo ya tuna mana aya ta 4 a Suratul Ma'ida, inda aka halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, ya ce malamai sun bayyana horarren kare da wanda idan an sake shi ya tafi, idan an kira shi ya amsa. Ra'ayina shi ne karen da ke tsoron hannunka ba ya amsa kira da sauri, kuma a daji jinkirin nan yana iya zama ajalinsa.

Bayan zama da Sarkin Baka da wakilan matasa, an amince da abubuwa kamar haka. Babu duka, babu shaƙe kare da sarƙa, babu ɗura masa magani don ya yi zafi a filin ƙungiya. Wanda ya karya za a dakatar da shi daga gwaji na gaba. Ana iya jinkirta abincin safe zuwa bayan atisaye, amma kwana da yunwa ya ƙare. Dattawa za su jagoranci bin sawu, matasa su jagoranci biyayya, kuma su koyi janye lada a hankali kafin ranar gwaji, tunda ba a shiga gaban alƙali da abinci a aljihu. Batun yanke kunne ba a kai ga matsaya ba, an ɗage shi zuwa babban taro.

Shekara mai zuwa muna neman fili mai inuwa da ruwa kusa, da shingen tsalle na mita 1 wanda wani kafinta cikinmu ya yi alkawarin haɗawa. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro, kuma kowa ya zo da katin rigakafin karensa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya